Jarrabawar ɗalibai masu buƙata ta musamman: Yadda ake gudanar da ita da halin da 'yan Sabon Birni da Isa ke ciki

A duk shekara, cikin ɗimbin ɗaliban da ke zama jarrabawar kammala sakandare da ta shiga jami'a a Najeriya, akwai waɗanda ba sa iya karanta takardar tambayoyi da ido, ko jin umarnin mai kula da jarrabawa, ko riƙe biro na tsawon sa'o'i biyu. Domin su ne hukumomin jarrabawa suka tanadi hanyoyi na daban na gabatar da tambaya da karɓar amsa: rubutun makafi, manyan haruffa, mai karanta wa ɗalibi, mai fassara da maganar hannu, da kuma ƙarin lokaci.

Wannan tanadi yana nan a rubuce, ana kuma aiki da shi. Sai dai ba ya zuwa wa ɗalibi da kansa. Makaranta ce ke nema masa tun lokacin rajista, kuma sai wanda aka koya wa amfani da shi a aji ne zai ci moriyarsa a zauren jarrabawa. A nan ne yaran ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, a gabashin Jihar Sakkwato, suke baro 'yan uwansu na birane a gaba.

Sauƙaƙawa daban, sauya jarrabawa daban

Masana ilimi suna raba wannan aiki gida biyu.

Na farko shi ne sauƙaƙa hanyar jarrabawa. Tambayoyin ba sa canzawa, haka ma makin da ake buƙata kafin a ce mutum ya ci. Abin da ke canzawa shi ne yadda tambayar za ta isa ga ɗalibi da yadda amsarsa za ta isa ga mai dubawa. Makahon da ya amsa tambayoyin Tarihi da rubutun makafi, an gwada shi ne a kan Tarihin da aka gwada kowa, kuma takardar sakamakonsa daidai take da ta sauran.

Na biyu shi ne jarrabawar madadi, wadda ake yi wa yaran da raunin fahimtarsu ya yi tsanani har ba za su iya bin manhajar aji ba, ko da an ba su duk wani sauƙi. Su ana auna su ne da ma'auni na daban: ko yaro ya gane lambobi da kuɗi, ko yana iya bin umarni, ko yana iya faɗin buƙatarsa, ko ya ci gaba a kan inda yake bara. Malami ne ke tattara shaidar hakan a tsawon zango ta hanyar lura da ajiye ayyukan yaron.

Amurka ce ta fi shahara da tsara wannan nau'i na biyu a doka. Gyaran da aka yi wa dokar ilimin nakasassu ta ƙasar a 1997 ya wajabta wa jihohi samar da jarrabawar madadi, sannan wata doka ta 2015 ta taƙaita adadin masu zama irinta zuwa kashi 1 cikin 100 na ɗaliban da ake gwadawa a kowane darasi a jiha. Dalilin iyakar shi ne kada makarantu su riƙa tura duk yaron da ya ba su wahala zuwa jarrabawa mai sauƙi don gyara sakamakonsu.

A Najeriya, manyan hukumomin jarrabawa sun fi tsayawa a nau'i na farko. Na biyun ya rage a hannun makarantun musamman da malaman aji.

Abin da doka ta tanada

Tun Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka ware sashe ga ilimin musamman. A 2010 Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda sashenta na 24 ya yi magana a kan ilimi, ya kuma buƙaci a yi wa kowane ɗalibi sauƙin da ya dace da halinsa.

Babban ginshiƙi a cikin gida shi ne Dokar Hana Wariya ga Nakasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019. Dokar ta ba nakasasshe haƙƙin karatu kyauta har zuwa ƙarshen sakandare. Ta ce makarantun gwamnati su zama masu karɓar kowa, su samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da ya ƙware wajen kula da masu buƙata ta musamman, a kuma sanya rubutun makafi da maganar hannu cikin abin da ake koyarwa. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin da ya ƙare a Janairun 2024. Hukuncin nuna wariya shi ne tarar Naira miliyan 1 ga kamfani ko ma'aikata, da Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, ga mutum ɗaya. A ƙarƙashin wannan doka aka kafa Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa a 2020.

A ɓangaren kuɗi, hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC tana ware kashi 2 cikin 100 na asusunta domin ilimin musamman, wanda ake raba wa jihohi.

Yadda abin yake a WAEC da NECO

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO, wadda ta zo a 1999, su ne ke shirya jarrabawar kammala sakandare. Makaranta ce ke yi wa ɗalibanta rajista ta intanet, kuma a wajen cike bayanai ake nuna cewa ɗalibi yana da wata lalura da kuma irinta. Da wannan bayani ne hukuma ke sanin yawan takardun musamman da za ta buga da cibiyar da za ta kai su.

Makaho yana samun tambayoyinsa da rubutun Braille, tsarin ɗigo-ɗigo masu tudu da ake karantawa da yatsa, wanda Bafaranshe Louis Braille ya ƙirƙiro ya kuma wallafa a 1829. Kowane harafi ana gina shi ne daga gurbi mai ɗigo shida. Ɗalibin kan ba da amsa da allon rubutun makafi da tsinkensa, ko da na'urar buga rubutun, ko da tafireta. Mai raunin gani, wanda ya haɗa da yawancin zabiya, yana samun takarda mai manyan haruffa.

Ƙa'idar WAEC ta ba makafi da kurame da masu shanyewar gaɓoɓi ƙarin rabin lokacin da aka ba sauran, wato takardar sa'a biyu ta zama ta sa'a uku. Akwai dalili a bayan hakan. Yatsa yana bin harafi ɗaya bayan ɗaya, alhali ido yana kwashe layi a kallo guda. Abin da ya cika shafi ɗaya na bugun yau da kullum kan ci shafi biyu zuwa uku a rubutun makafi, kuma wanda ke son komawa tambaya ta biyar sai ya laluba ya nemo ta.

Lissafi da darussan kimiyya sun fi wuyar sha'ani, saboda alamominsu suna da nasu tsarin a rubutun makafi, kuma zane da taswira sai an mayar da su masu tudu ko an bayyana su da kalmomi. Ɗalibin da bai taɓa taɓa irin wannan zane a aji ba, ba ranar jarrabawa zai fara gane shi ba.

Wani abu da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kashi 30 cikin 100 na sakamakon WAEC na ɗaliban makaranta yana fitowa ne daga gwaje-gwajen aji, waɗanda malamai ke kira CA, sauran kashi 70 kuma daga jarrabawar ƙarshe. Idan malamin aji yana rubuta gwaji a allo kawai, ko yana karanta shifta da baki ga ajin da ke da kurma, to yaron ya fara asarar maki tun shekaru kafin takardar hukuma ta iso.

Tsarin JAMB

Tun 2015 jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Darussa huɗu ake amsawa, Ingilishi dole ne a cikinsu, jimillar maki kuma 400. Wannan sauyi ya bar makafi a tsaka mai wuya, domin kwamfutocin cibiyoyin ba a tanade su don wanda ba ya gani ba.

A 2017, ƙarƙashin shugabancin Farfesa Is-haq Oloyede, hukumar ta kafa wani kwamiti na musamman da ake kira JEOG, wanda Farfesa Peter Okebukola, tsohon shugaban Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, ke jagoranta. Kwamitin yana gudanar da jarrabawar makafi a cibiyoyi 11 a faɗin ƙasar. Na Arewa sun haɗa da Kano, Birnin Kebbi, Bauchi, Jos, Yola da Abuja. Cibiyar Kano tana Jami'ar Bayero.

A waɗannan cibiyoyi, ɗalibi yana da zaɓi: ko a ba shi tambayoyin da rubutun makafi, ko a karanta masa su da babbar murya ya rubuta amsarsa da kayan da ya saba da su. Hukumar tana ɗaukar nauyin masauki da abinci da kuɗin motar ɗalibi da ɗan jagoransa. Daga baya an faɗaɗa aikin kwamitin ya haɗa da zabiya, da masu galahanga, da masu lalurar da ke hana gane rubutu da sauri.

Kafin a kai ga wannan mataki, tilas ɗalibi ya mallaki lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda ta zama sharaɗin rajista tun 2021. Da ita zai aika saƙon waya ya karɓi lambar buɗe rajista, sannan ya je cibiyar da aka amince da ita a ɗauki hoton yatsunsa. A wurin ne zai bayyana lalurarsa. Wanda aka yi wa rajista a matsayin mai gani, za a tura shi cibiyar kwamfuta kamar kowa.

Kurame da matsalar harshe

Ana yawan zaton kurma ba shi da matsala da jarrabawa tunda yana gani kuma yana rubutu. Masu koyar da kurame sun san ba haka abin yake ba.

Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wanda suke koya daga junansu a gida da kasuwa, kuma wata masaniyar harshe Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinsa a Kano ta wallafa littafi a kansa a 2000. Makarantun kurame kuwa suna koyarwa ne da alamomin da suka samo asali daga na Amurka, waɗanda Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke, ya shigo da su ta Ibadan a 1960. Jarrabawa kuma da Ingilishi ake yin ta, harshen da yaron bai taɓa jin sautinsa ba. Ke nan kurman da ya taso a Gatawa ko Turba sai ya ƙetare harsuna uku kafin ya amsa tambaya ɗaya.

Wannan ne ya sa ake buƙatar mai fassara a zaure, wanda zai isar da umarni: lokacin farawa, gyaran da aka yi wa wata tambaya, saura minti nawa. Aikinsa ya tsaya a kan umarni, ba ya bayyana ma'anar tambaya. Takardar Ingilishi ta WAEC ma tana da sashen da ke tambaya a kan sautin kalmomi da inda ake danna murya, abin da kurma sai dai ya haddace shi a matsayin ƙa'ida.

Halin da ake ciki a Sabon Birni da Isa

Sabon Birni da Isa suna tsakiyar tsohuwar ƙasar Gobir. Sabon Birni tana iyaka da Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, Isa kuma da Shinkafi ta Jihar Zamfara. Yanki ne na manoma da makiyaya, kuma cututtukan da ke barin yara da nakasa ba baƙi ba ne a cikinsa. Sanƙarau, wanda ɓarkewarsa ta 2017 ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu, yana barin wasu da suka warke da kurumta. Ƙyanda tana iya taɓa ido. Shan inna, wadda aka tabbatar an kawar da nau'inta na asali daga Afirka a watan Agustan 2020, ta bar matasa da dama da ke shekarun zama jarrabawa a yanzu. A kan waɗannan, harin 'yan bindiga ya ƙaro waɗanda harsashi ya raunata.

Makarantar gwamnati da aka fi sani da koyar da makafi da kurame a jihar ita ce ta A.A. Raji da ke birnin Sakkwato, wadda aka sa wa sunan Rasheed Adisa Raji, gwamnan soja na jihar daga 1996 zuwa 1998. Mafi yawan cibiyoyin kwamfuta na JAMB ma a birnin suke, cibiyar makafi mafi kusa kuma tana Birnin Kebbi, gaba da Sakkwato. Duk wani mataki na tanadin da aka bayyana a sama yana nufin tafiya.

Tafiyar kuwa ita ce abin tsoro. A Disamban 2021 'yan bindiga sun ƙona matafiya cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A 2024 an sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannun waɗanda suka sace shi a watan Agusta. Hanyar Isa ta Marnona, wadda ta ratsa dajin Gundumi, ta daɗe da zama abin gudu ga direbobi. Uban da ke da ɗa makaho yakan auna cewa idan aka tare mota, mai ido zai ga inda zai ruga, kurma ba zai ji kashedi ba, gurgu kuma ba zai iya gudu ba. Da yawa sukan zaɓi barin yaron a gida.

Sadarwa ma ta taɓa yankewa. A watan Satumban 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da waɗannan biyu, domin yaƙi da 'yan bindiga. Rajistar da ta dogara da saƙon waya da intanet ba ta yiwuwa a irin wannan yanayi sai an bar gari.

Gudun hijira ya ƙara dagula lissafi. Tun 2019 dubban mutanen yankin suka tsallaka zuwa ƙauyukan Jihar Maraɗi, inda boko da Faransanci ake yin sa, wasu kuma suka koma cikin garuruwan Sabon Birni da Isa ko birnin Sakkwato. Yaron da ya bar makarantarsa ya bar makin gwajin ajinsa a can, ya kuma bar malamin da ya san yadda ake yi da shi. A sabuwar makaranta, cikin aji mai cunkoso, mai raunin ji ko gani yakan wuce a matsayin daƙiƙi, har ranar da za a cike masa rajista ba tare da an nuna lalurarsa ba.

Gwajin baka ba baƙon abu ba ne

Masu ganin cewa karanta wa ɗalibi tambaya alfarma ce suna iya duba abin da al'ummar yankin ta daɗe tana yi. A makarantun allo, ana gane mahaddaci ne da bakinsa: malam ya ja baƙi, almajiri ya ci gaba. Ta wannan hanya makafi da dama suka zama alarammomi a ƙasar Hausa, kuma ba a taɓa rage musu ko aya ɗaya daga abin da ake buƙata ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara a 1986, ita ma da baki ake yin ta, makaho da mai gani a gaban alƙalai ɗaya.

Ƙa'idar da hukumomin jarrabawa ke bi ba ta wuce wannan ba: a auna abin da ke cikin kan ɗalibi, ta ƙofar da yake iya fito da shi.

Abin da ya rataya a wuyan makaranta da iyaye

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin jarrabawar mai buƙata ta musamman yana farawa ne tun daga ajin farko na babbar sakandare, ko ma kafin jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare.

Matakin farko shi ne tabbatar da lalurar a asibiti, a kuma ajiye takardar likita, domin ita ce hujjar da makaranta za ta kafa idan ta nemi sauƙi. Na biyu, shugaban makaranta da jami'in jarrabawa su tabbatar an nuna lalurar a rajista, su kuma sanar da ofishin hukumar na jiha a rubuce. Takardar rubutun makafi ana buga ta ne tun da wuri bisa ƙididdiga, ba a samar da ita da safiyar jarrabawa.

Na uku, a riƙa ba ɗalibi irin wannan sauƙi a gwajin aji da jarrabawar zango, yadda zai saba da shi. Wasu abubuwan ba sa cin ko kwabo: zaunar da mai raunin gani kusa da allo inda haske ba ya dukan idonsa, rubuta umarni a allo saboda kurma, karanta wa makaho tambaya a karɓi amsarsa da baki, sauko da jarrabawar mai keken guragu zuwa ajin da ba shi da matakala.

Na huɗu ya shafi amana. Wanda zai karanta wa ɗalibi ko ya rubuta masa bai kamata ya zama malamin darasin ko ɗan uwansa ba, kuma abin da ɗalibin ya faɗa kaɗai zai rubuta. Duk sa'ad da aka mayar da sauƙi ƙofar satar amsa, nakasassun da suka ci da guminsu ne ake fara zargi.

Ga yaran da raunin fahimtarsu ya yi tsanani, abin da ya fi amfani shi ne malami ya buɗe wa kowannensu fayil, ya rubuta abin da ake so ya iya a zango, ya kuma nuna wa iyaye inda aka kai. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, da sassan ilimin musamman na jami'o'in Bayero, Jos da Ibadan, suna horar da malamai a kan haka, amma masu wannan horo sun fi taruwa a birane.

Yanzu da WAEC ta fara jarrabawa da kwamfuta ga masu zama na ƙashin kansu tun 2024, gwamnatin tarayya kuma ta bayyana aniyar mayar da ta makarantu kan wannan turba, tambayar da JAMB ta fuskanta a 2015 za ta dawo, wannan karon a kowace sakandare. Kwamfuta tana iya karanta wa makaho rubutu, tana iya ƙara girman harafi ga zabiya, amma sai inda akwai wuta da na'urar da kuma wanda ya koya wa yaron taɓa ta. Ga ɗalibin Tsamaye ko Bafarawa, waɗannan ukun ne za su yanke hukuncin ko sunansa zai fito a jerin masu zama jarrabawar.